Ku Tambayi Kawu: Gardamar Wunti da Gwangwanayen Jos

Wasiƙu uku na ware a wannan fitowar, duk a kan shiri ɗaya suke. Masu tambaya a kan fina-finan Indiya da na Turkiyya su yi mini haƙuri sai wata mai kamawa.

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Ni mai gyaran waya ne a Wunti, ina kuma tura fina-finai. Saura ƙiris mu ɓata da maƙwabcin shagona a kan Doctor Who. Ni na ce tun ranar da David Tennant ya tafi shirin ya mutu, gawa kawai ake ja. Shi kuma ya dage wai zamanin Matt Smith ne shirin ya kai ƙololuwa, ni ne ban iya kallo ba. Muna cikin haka wani dattijo da ya kawo gyaran caji ya tuntsire da dariya, ya ce duk cikinmu babu wanda ya ga shirin, tunda ba mu ga mai dogon mayafin wuya ba. Ka raba mana gardama.

AMSA: Ɗana, Allah ya sa wa sana'a albarka. Bari in fara jawo waɗanda ba su san dawan garin ba su matso kusa. Doctor Who shiri ne mai dogon zango na almarar kimiyya, BBC ta fara haska shi ranar 23 ga Nuwamba, 1963, washegarin ranar da aka harbe shugaban Amurka Kennedy. Labarin wani baƙo ne daga wata duniya, Dakta kawai ake ce masa, ba a faɗin sunansa na yanka. Yana yawo cikin zamani gaba da baya a wani shuɗin akwati mai siffar rumfar wayar 'yan sandan Ingila ta da, ana kiransa TARDIS. Daga waje bai fi shagon mai caji ba, in ka sa ƙafa ciki sai ka ga ya fi zauren fada faɗi. Mai dogon mayafin da dattijonku ya ambata Tom Baker ne, wanda ya riƙe matsayin daga 1974 zuwa 1981, kuma babu wanda ya kai shi yawan zanguna. In ya dawo karɓar cajinsa ka gaishe mini da shi.

Tushen gardamarku yana 1966. A shekarar ne jikin ɗan wasan farko, William Hartnell, ya ƙi, har haddar maganganunsa tana gagararsa. Maimakon a rufe shirin sai aka ce ai Dakta ba ɗan Adam ba ne, in jikinsa ya gaji rikiɗa yake yi, ya tashi da sabuwar fuska da sabon hali. Patrick Troughton ya karɓa, haka aka yi ta miƙa matsayin har ya kai kan Tennant da Smith da kuke gardama a kansu. Wannan dabarar ce ta kai shirin shekara 60 da ɗoriya, ita ce kuma ta sa kowane mai kallo yake da Daktan da ya buɗi ido da shi, sauran duk kishiyoyin uwa ne a wurinsa.

Ni ma nawa Tennant ne, ba zan ɓoye maka ba. A faifan DVD na same shi, irin wanda ake cusa zango guda cikin faifai ɗaya, hoton na dishi-dishi. Akwai daren da ba na mantawa. Muna zaune a falo a Bakin Kura, ni da uwargida da yara, an sayo masa an ajiye a faranti tsakiyar tabarma, muna kallon fitowar nan ta 2007 mai suna Blink. Wasu gumaka ne na dutse masu fukafukai, muddin idonka na kansu ba sa motsi, ka ƙifta ido sun matso. An kai wurin da suka ritsa mutum biyu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ƙwan fitilar ɗakin ya fara farfari, sai ɗif, aka ɗauke mana wuta. Babbar 'yata, lokacin tana aji huɗu, ta ƙwalla ƙara ta taka farantin, miyar ta bi tabarma. Ni kaina da na tashi laluben ashana sai da na yi ta waiwaye. Yau yarinyar tana ɗakin mijinta, falon ma mun bar shi. In na ce babu kamar zamanin Tennant, rabin abin da nake yabo wannan daren ne, kuma BBC ba ta da hannu a cikinsa.

Saboda haka na koma na sake kallon zangunan da idon mai sayen akuya, ina duba haƙori. Abin da na gani zai ɓata maka rai. A 2006, Tennant na kan ganiyarsa, aka yi Fear Her, wadda masoya shirin kan jefa can ƙasa duk lokacin da aka yi zaɓen gwani. A shekarar dai aka yi Love & Monsters, wadda dodon cikinta wani yaro ɗan shekara 9 ne ya zana shi ya ci gasa, kuma da ganinsa ka san haka ne. Kafin nan, a 2005, da Christopher Eccleston a matsayin Dakta, an kawo wasu dodanni da ke sanya fatar mutane suna ta sakin tusa a ofishin firaminista. Ƙwaƙwalwa mai rariya ce, ta tace waɗannan ta bar maka masu daɗin.

Amma kada maƙwabcinka ya yi saurin tafi. Sauyin da ka ji a jikinka gaskiya ne, sai dai ka ɗora laifin a inda ba nan ba. Ba tafiyar Tennant ce ta sauya ɗanɗanon ba, tafiyar mai girkin ce. Russell T Davies ne ya farfaɗo da shirin a 2005 bayan an daɗe da rufe shi, shi ne babban marubuci har farkon 2010, tare suka ajiye aiki da Tennant. Davies mutum ne mai son gida. Yarinyar da ke bin Dakta tana da uwa mai mita, da saurayin da aka bari, da unguwar talakawa da ake komawa. Ko da duniya za ta tashi, sai ka ga ana shan shayi a kicin. Steven Moffat da ya gaje shi, shi ne ma ya rubuta Blink ɗin, mai kacici-kacici ne. Yakan ƙulla abu a farkon zango, ya ƙara ƙulli a tsakiya, sai bayan shekara biyu ya ce zai warware, wani lokaci ya warware da kyau, wani lokaci ya sa almakashi. Wanda ke zuwa don ya ji tausayi sai ya ga an mai da shi ɗan jarrabawa. Wanda ke son wasa ƙwaƙwalwa, irin maƙwabcinka, sai ya ce yanzu aka fara. Smith kuwa, yana ɗan shekara 26 aka zaɓe shi, ya yi abin da ban zaci yaro zai iya ba, yana tafiya kamar ɗan maraƙi amma idonsa na tsoho.

Ra'ayina shi ne Moffat ya fi iya fitowa ɗaya a kan zango guda. Kuma fitowar da na fi ɗauka da daraja a duk sabon zubin ba ta Tennant ba ce, ba ta Smith ba ce. Heaven Sent ce, ta 2015, lokacin Peter Capaldi, daidai sanda irinku suka riga suka yi wa shirin sallar gawa suka watse. Kusan mutum ɗaya ne a allo daga farko har ƙarshe, an kulle shi a wani gidan sarauta mai juyawa, yana naushin bangon da ya fi lu'ulu'u tauri, ya mutu ya dawo ya ƙara naushi ɗaya, har shekaru biliyoyi. Duk wanda ya taɓa rasa wani nasa ya tashi washegari ya tafi aiki zai gane abin da ake nufi.

Kukan "ya lalace" kuwa ya girme ka, ya kusa girmata. Sydney Newman, ɗaya daga waɗanda suka ƙirƙiro shirin, so ya yi a koyar da yara tarihi da kimiyya, ya ce ba ya son dodanni masu ƙwala-ƙwalan idanu. Labari na biyu, a Disambar 1963, aka kawo Dalek, wasu dodanni masu rigar ƙarfe, kuma su suka ɗaga shirin. Ka ga tun bai yi wata biyu ba ya sauka daga kan manufarsa. A 1976, zamanin da dattijonku ke taƙama da shi, aka haska The Deadly Assassin, shugaban ƙungiyar masoya shirin na lokacin ya rubuta doguwar suka yana tambayar ina armashin shirin ya tafi. Yau wannan labarin yana sahun waɗanda ake yi wa kirari.

Ba wai bai taɓa lalacewa da gaske ba. A tsakiyar shekarun 1980 ya shiga uku. An sa wa Daktan lokacin, Colin Baker, wata riga mai launuka kamar an haɗa ƙyallayen tela, a labarinsa na farko aka sa ya shaƙe abokiyar tafiyarsa, masu kallo suka ja baya. A 1985 hukumar BBC ta dakatar da shirin wata 18, ya dawo an rage shi zuwa fitowa 14 a shekara, aka sallami Baker, aka kuma haɗa shi lokaci ɗaya da Coronation Street, ɗaya daga shirye-shiryen da suka fi jama'a a Ingila. A Disambar 1989 aka rufe bayan zango 26. Abin takaicin shi ne zanguna biyun ƙarshe, na Sylvester McCoy, sun fara miƙewa sosai, sai dai babu kowa a gaban akwatin.

Hukuncina: kai ka zaɓi fitowa uku na Tennant, shi ya zaɓi uku na Smith, ku yi musaya a memori, kowa ya kalli na ɗan'uwansa ba tare da yana danna waya ba. Kai dai kuɗin shayin ranar a kanka yake, don kai ka ce gawa.

TAMBAYA: Kawu, ina wuni. Ni malamar makaranta ce a Jekadafari, Gombe. Maigidana da ƙannena sun haɗe mini kai, sun ce shirin ya mutu ranar da aka mai da Dakta mace, wai alƙaluman masu kallo ma sun nuna. Ni kuma daga kanta na fara kallo, ina kuma sonta. Da gaskiyarsu? Sannan zan iya barin yarana su kalli sababbin?

AMSA: Malama, lafiya lau, a gaida maigida, a ce masa Kawu bai goyi bayansa ba, amma bai kore shi duka ba. Fitowar farko ta Jodie Whittaker, a Oktoban 2018, ta tara masu kallo fiye da miliyan 10 a Birtaniya, kwatankwacin abin da aka samu ranar da shirin ya dawo a 2005. In kasancewarta mace ce ta kori mutane, ai tun a bakin ƙofa za su juya, don an sanar da ita tun fiye da shekara guda kafin nan. Sun shigo, sun zauna, daga baya suka riƙa zamewa. Abin da aka zuba musu a kwano ne bai riƙe su ba.

Su alƙaluman ma a riƙa taka musu burki. Adadi mafi yawa da shirin ya taɓa samu, miliyan 16, a 1979 ne da City of Death. Labarin mai kyau ne, amma a makonnin ma'aikatan tashar ITV suna yajin aiki, allonsu babu komai, kuma tashoshi uku ne kacal a ƙasar. Mai shago ɗaya a unguwa ba ya cika baki da yawan ciniki. Yanzu da kowa ke kallo a waya sanda ya ga dama, kwatanta adadin yau da na wancan zamani zalunci ne.

Inda maigida yake da ƙamshin gaskiya shi ne rubutun. Chris Chibnall, wanda ya riƙe alƙalamin daga 2018 zuwa 2022, ya cika akwatin da mutane. Abokan tafiya uku aka ba ta lokaci guda, cikinsu har da Tosin Cole, wanda sunansa kaɗai ya isa ya gaya miki inda iyayensa suka fito. Minti 50 ba ya isar mutum huɗu da baƙi da dodo, sai ki ga biyu sun tsaya kamar 'yan rakiyar amarya suna jiran a ba su layi. Ita kuma aka riƙa sa ta tana bayyana abin da idonmu ke gani. Sai a 2020 aka zo da The Timeless Children, aka ce ashe Dakta ba ɗan duniyar da muka sani ba ne, yaro ne tsintacce, kuma ya yi rayuka da yawa kafin Hartnell. Wannan ya raba masoya gida biyu har yau. Ni bai ƙona mini rai kamar wasu ba, amma na fi son Dakta a matsayin wanda ya saci akwati ya gudu don zaman gida ya ishe shi, ba ɗan baiwa tun daga zanin goyo ba. Korona kuma ta zo ta matse zangonta na ƙarshe zuwa fitowa 6. Whittaker 'yar wasa ce ta gaske, an ba ta gona mai tsakuwa ne.

Ki lura da wani abu da ba a cika faɗa ba. Zamanin Davies na farko fitowa 13 ake yi a zango, ban da ta Kirsimeti. Da Whittaker aka koma 10. Da Davies ya dawo a 2023, da kuɗin Disney a aljihu da Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, a matsayin Dakta, sai aka koma 8. Hoto ya yi kyau ƙwarai, amma a cikin 13 in uku sun yi lami ba a ji, a cikin 8 kuwa kusan rabi ke nan. Ba a kuma samun sararin da za a zauna a saba da mutanen. Gatwa ya tafi a Mayun 2025 bayan zango biyu, ni dai ban gama saninsa ba. Masu bin shirye-shiryenmu na Hausa masu dogon zango sun san irin wannan ciwo ta ɗaya gefen: mu namu ja ake yi har labarin ya tsinke, su nasu matsewa ake yi har ya shaƙe.

Batun yara: sababbin zangunan suna ɗauke da wasu abubuwa na zamantakewar Turawa da ba su dace da tarbiyyarmu ba, wasu a fili, wasu a cikin zance. Ki riga su kallo, ki zaɓa musu. Gumakan dutsen nan kuma kada a kalle su da dare in kin san wutarku ba ta da alƙawari.

TAMBAYA: Kawu, ni direba ne, ina jigila tsakanin Bauchi da Jos. Wani fasinja ɗan jami'a ya ce mini wai an taɓa gano ɓatattun fina-finan Doctor Who a Jos. Na ce masa ya daina shan abin da yake sha. Gaskiya ne?

AMSA: Ƙanena, ka nemi yaron nan ka ba shi haƙuri, ka kuma ɗauke shi kyauta sau ɗaya. A shekarun 1960 da 1970 BBC tana goge faifan shirye-shiryenta don ta sake ɗaukar wasu a kai, saboda faifan na da tsada kuma babu wanda ya zaci za a sake neman su. Haka fitowa da dama na Hartnell da Troughton suka salwanta. Abin da ya cece su shi ne an riƙa kwafe su a fim ana sayar wa tashoshin ƙasashen waje, Najeriya na ciki, wata tasha ta gama ta miƙa wa wata. A Oktoban 2013, ana saura makonni shirin ya cika shekara 50, aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, sun yi ƙura a kan kanta, da sunan shirin rubuce a jiki. Fitowa 9 da aka fid da rai da su suka dawo, adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97. Ina zargin sanyin Jos da kuke kuka da shi ya taimaka, don da a zafin Bauchi aka ajiye su shekara 40, Allah kaɗai ya san abin da za a tarar.

Na ajiye wasiƙarka a ƙarshe ne don ta shafi masu gardamar Wunti. Labarai biyu ne a gwangwanayen, duka na Troughton, na 1967 zuwa 1968. Ɗaya, The Web of Fear, dodanni a hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Landan, dama ana yi masa kirari tun ba a gan shi ba. Ɗayan, The Enemy of the World, shekara da shekaru masoya suna ɗaukarsa a matsayin mai rauni. Dalili? Cikin kashi 6 na ukun kaɗai ya tsira, shi ne kuma mafi sanyi, ana tsare da fursuna a kan kujera a baranda, ana hira da kuku a kicin. A kan wannan aka yanke wa labarin hukunci, na baya suka gaji hukuncin daga na gaba. Da sauran biyar suka iso daga Jos sai ga jirgi mai saukar ungulu, ga farauta a bakin teku, ga Troughton yana wasan mutum biyu, Dakta da wani azzalumin shugaba mai kama da shi, ga wani juyi a tsakiyar labarin da ba zan ɓata maka ba. Sai masu sukar suka sauya baki. Gani ya kori ji, kuma mutanen da suka shekara 40 suna rantsuwa a kan ra'ayinsu kashi ɗaya cikin shida suka gani.

Jos ba ta tsaya nan ba. A Mayun 2025 an haska wata fitowa mai suna The Story & the Engine, labarin yana faruwa a wani shagon aski a Legas, inda ake tsare masu zuwa aski ana sa su ba da labari. Wanda ya rubuta ta, Inua Ellams, a Jos aka haife shi. Tana cikin waɗanda na fi so a zamanin Gatwa, duk da ƙarshenta ya yi gaggawa.

Kashi na uku na The Web of Fear bai dawo tare da 'yan'uwansa ba. Morris ya ce daga baya ya gan shi a kan kantar, amma kafin a kwaso kayan ya yi ɓatan dabo. Shi ne kuma kashin da wani hafsan soja, Lethbridge-Stewart, wanda ya zama babban aminin Dakta na shekaru, ya fara bayyana. Tunda kullum kana kan hanyar, in ka sauke fasinja a Terminus ka ga mai gwanjo ya baza tsofaffin gwangwanaye masu faɗi kamar faifan tuwo, kada ka buɗe su a rana. Ka taya, ka sa a but, ka rubuto mini.